Kundin Aiki: Kwashe Zane-zanen Injin Yankan Sitika Zuwa Tsarin Bekta

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau na soma aikin da na daɗe ina ɗagawa, wato kwashe zane-zanen shagonmu daga tsohuwar kwamfutar da ke tuƙa injin yankan sitika, domin in mayar da su zuwa tsarin da kowace manhajar zane za ta iya buɗewa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne a makon jiya kwamfutar ta ƙi tashi har sau uku, kuma da ta tashi sai na riƙa jin wata ƙara ƙas-ƙas daga cikinta, irin wadda masu gyara ke cewa alama ce ta faifan ajiya ya kusa mutuwa. Tun zamanin Windows XP take, manhajar yankan da ke cikinta kuwa tare da injin ta zo, a kan faifan CD da ya riga ya karce. Wannan manhaja tana ajiye aiki ne a wani nau'in fayil nata na kanta, wanda duk manhajar da na gwada ba ta gane shi ba. Ke nan ranar da kwamfutar ta kwanta dama, da aikin shekaru masu yawa za ta tafi.

Galibin abin da ke ciki aikin maigidana ne, wanda duk muke kira Baba. Da burushi da fenti ya fara sana'ar rubuta alluna a nan kusa da Ƙofar Ƙaura, kafin ya sayi injin, kuma da ƙarfinsa ya ragu ya bar mini shagon. Akwai tambarin makarantun Islamiyya, da na ƙungiyoyin masu Keke Napep, da allunan shagunan magani da na teloli, da zanen Hasumiyar Gobarau da ya yi da hannunsa, da Dagin Arewa iri-iri, da rubutun Larabci da ajami. Masu waɗannan ayyuka suna dawowa, wani bayan shekara biyar, ya ce a sake yanka masa irin na wancan karon, kuma yana nufin irinsa sak.

Domin yaron shagonmu, wanda shi ma zai karanta wannan kundi, bari in fayyace bambancin da aikin ya ginu a kansa. Hoton da aka ɗauka da waya ɗigo-ɗigo ne aka jera, kamar ɗinkin hula da ake ƙirga allura ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa idan aka faɗaɗa shi yake dusashewa. Zanen bekta kuwa kamar layin alli ne da tela ke ja a kan yadi domin almakashi ya bi: hanya ce mai mafari da maƙare, kuma ko an faɗaɗa ta ninki goma ba ta sauya kama. Wuƙar injin hanya kawai take bi, ba ta san launi ba, ba ta san hoto ba.

Na yanke shawarar cewa asalin kowane zane zai zauna a SVG, tare da kwafi a PDF. Na san kusan duk masu sana'armu a Katsina da CorelDRAW suke aiki, ni ma da ita na fi sabawa, amma ba na son in fitar da kaya daga ɗaki mai makulli in sake zuba su a wani ɗakin mai makulli. SVG buɗaɗɗen tsari ne da ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta tabbatar a 2001, kuma rubutu ne zalla, ko da Notepad aka buɗe shi ana iya karanta abin da ke ciki. Kafin in taɓa komai, na kwafe ma'ajiyar gaba ɗaya zuwa filash biyu, na kai ɗaya gida.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na fara da fayilolin PLT, domin tsohuwar manhajar tana iya fitar da aiki a wannan tsari, kuma Baba ya riga ya ajiye da yawa a haka. Na buɗe ɗaya da Notepad don in ga cikinsa da idona, sai na tarar da haruffa bibbiyu da lambobi. Wannan shi ne harshen HPGL, wanda kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fito da shi a 1977 domin injinan zane masu riƙe alƙalami, daga baya masu ƙera injinan yanka suka gaje shi, suka sa wuƙa a gurbin alƙalamin. PU na nufin a ɗaga alƙalami, PD na nufin a sauke shi, lambobin da ke biye kuma su ne wurin da za a je. Kowane milimita ɗaya taki 40 ne, wato taki 1016 a inci guda. Don in tabbatar na fahimta, na rubuta wannan da kaina na tura wa injin:

IN;SP1;PU0,0;PD4000,0,4000,4000,0,4000,0,0;PU;

Ya yanka murabba'i, na aza rula, santimita 10 cif a kowane gefe. Na ji daɗin wannan ƙwarai, domin ya nuna mini cewa ko babu kowace manhaja, awon zanen yana nan a rubuce a cikin fayil.

Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Da na shigar da tambarin wata makaranta cikin manhajar zane ta Inkscape, wadda kyauta ce kuma tana karɓar HPGL, na danna zoben da ya kewaye tambarin don in ga gaɓoɓinsa, sai na ga sun yi cincirindo kamar tururuwa a bakin rami. Dalili shi ne fayilolinmu ba su ajiye lanƙwasa a matsayin lanƙwasa ba. Manhajar ta daddatsa kowace da'ira zuwa ɗaruruwan gajerun layuka miƙaƙƙu, waɗanda a girman da aka yanka su da farko ido ba ya gane su. Na faɗaɗa zoben daga santimita 15 zuwa 90, na yanka a kan ragowar ledar sitika, na shafa gefensa da yatsa, sai na ji shi gaɓa-gaɓa kamar an fere rake da wuƙa mara kaifi. Injin ma da kansa ya faɗa, domin maimakon sautin tafiya guda ɗaya, sai ya riƙa kakkarwa a kowace gaɓa.

Zanen bekta na ainihi da lanƙwasar Bézier yake aiki, mai sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da ita wajen tsara jikin mota a shekarun 1960. Gaɓa biyu ne da hannuwa biyu masu jan layin, kuma guda huɗu sun isa su ba da da'irar da ido ba zai ga aibinta ba. Abin da na gane yau shi ne fayil ɗin PLT sawun wuƙa ne a wani girma guda, kuma sauya masa suna zuwa SVG ba ya mayar da shi zanen da aka fara yi. Na gwada umarnin sauƙaƙa layi na Inkscape, ya rage gaɓoɓin sosai, amma ya daddaƙushe kusurwoyin haruffa, har harafin E ya koma kamar sabulun da aka yi wanka da shi. Saboda haka duk abin da yake da'ira ne, ko murabba'i, ko layi miƙaƙƙe, zan sake zana shi da hannu a bisa tsohon, in bar tsohon a ƙasa a matsayin jagora. Zai ci lokaci, amma ban ga wata hanya mai tsabta ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Na samu hanya mafi kyau ga fayilolin da ke cikin tsarin manhajar na kanta. Na sa mata firinta ta gaibu, irin wadda ba ta fitar da takarda sai PDF, kuma da yawa daga cikin zane-zanen sun fito da lanƙwasarsu ba a daddatse ba. Matsala ɗaya ce: duk siffar da ke da launi a ciki da kuma layi a gefe ta fito sau biyu, ɗaya a kan ɗaya. A fuskar kwamfuta ba a gani, sai da wuƙa ta bi hanya ɗaya sau biyu ta huda takardar da ke bayan ledar. Daga yau kowane fayil sai na dube shi a yanayin da ke nuna ƙashin layi kawai, in ja siffa gefe in ga ko akwai wata a ƙarƙashinta. An ɗauke wuta da la'asar, na tsaya a nan, domin ba na son in kunna tsohuwar kwamfutar da janareta.

Laraba, 15 ga Janairu

Yaron shago ne ya fara lura. Yana ɓare ledar wani allon tela da matsefata, sai ya ɗago ya ce, "Yaya, zo ka gani, haruffan nan duk sun yi ƙaho." Na duba da kyau, kowace kusurwa ta harafin T da L tana da ɗan tsini da ya fita waje, ƙarami kamar ƙayar kifi, kuma ledar tana maƙalewa a wurin idan an zo cirewa.

Na shafe rabin yini kafin in gano tushen abin. Wuƙar injin ba mota ce ke juya ta ba, jan ta ake yi, tana juyawa da kanta a cikin mariƙinta kamar tayar kujerar ofis. Tsininta ba ya daidai tsakiyar mariƙin, yana ɗan baya kaɗan, kuma a wuƙa mai digiri 45 da muke yankan sitika da ita tazarar takan kasance milimita 0.25. Idan mariƙin ya kai kusurwa ya juya nan take, tsinin bai riga ya iso ba, sai kusurwar ta fito a daƙushe. Don haka manhajar yanka takan ƙara wa hanyar ɗan wuce gona da iri da ƙaramar lanƙwasa a kowace kusurwa, domin wuƙar ta samu ta juyo, kuma a ƙarshen kowace siffa takan ƙara ɗan tafiya a kan mafarin don yankan ya haɗe. Wasu daga cikin fayilolin PLT ɗinmu an ajiye su ne bayan an riga an yi musu wannan ƙari. Da na mayar da su SVG na sake turawa, sabuwar manhajar ta ƙara nata a kan wancan, gyara ya hau kan gyara, shi ne ƙahonin.

Da farko na zauna ina goge su ɗaya-ɗaya, na yi haruffa goma sha biyu kafin in ga wannan ba mai ƙarewa ba ne. Sai na koma tsohuwar manhajar, na mayar da tazarar wuƙa da ƙarin ƙarshe zuwa sifili, na sake fitar da fayilolin daga asalinsu. Sun fito sumul. Waɗanda ba su da asali, sai PLT ɗin kaɗai, su ne za a yi wa aikin hannu, kuma na ware su a jaka guda. Wannan ya ƙara mini gaggawa, domin hanyar nan tana buɗe ne kawai muddin tsohuwar kwamfutar tana numfashi, don haka na ajiye duk wani gyara a gefe, zan fara fitar da komai tukuna.

Talata, 21 ga Janairu

Fitarwa ta kammala jiya da dare. Yau kuma na yi asarar leda, kuma laifina ne, domin ban auna ba kafin in danna yanka. Wani mai shagon magani ya nemi a sake masa rubutun gilashin ƙofarsa, faɗinsa santimita 100. Abin da ya fito daga injin santimita 75 ne. Na ɗauka tayoyin da ke danne ledar ne suka zame, na sake ɗaurawa, na sake yankawa, ya sake ba ni 75 daidai, kuma daidaiton kuskuren ne ya nuna mini cewa lissafi ne.

Fayil ɗin SVG yana iya faɗin girmansa da milimita, yana kuma iya faɗinsa da ɗigon fuskar kwamfuta kawai, kuma a nan ne manhajoji suka saɓa. Adobe Illustrator tana ƙirga ɗigo 72 a inci guda, ƙa'idar intanet ta tsaya a kan 96, Inkscape kuwa da 90 take aiki har zuwa fitowar 0.92 a 2017, lokacin da ta koma 96. Wannan tambari wani abokin sana'a ne ya gyara mana shi a Illustrator, ba a rubuta milimita a cikinsa ba. Idan aka raba 72 da 96 kashi uku cikin huɗu ake samu, shi ne 75 ɗina. Tsofaffin fayilolin Inkscape sun fi wannan haɗari, domin santimita 100 zai koma 93.75, ragin da ido ba zai kama ba sai an je manna wa a jikin mota an ga bai kai ba.

Na ɗauki matakai biyu. Kowane fayil zan rubuta faɗinsa da tsawonsa da milimita a cikin tsarin takardarsa, kuma a gefen kowane zane zan aza ƙaramin murabba'i mai santimita 10 a shimfiɗa ta daban, wadda ba a yankawa. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin a kowace manhaja, ko bayan ba ni, ya danna murabba'in ya ga abin da ta ce, idan ba 10 ba ne ya san da yadda zai daidaita.

Litinin, 27 ga Janairu

Makon nan na haruffa ne. Rubutun da aka bari a matsayin rubutu ba ya ɗauke da siffarsa, sunan salon haruffan kawai yake riƙe da shi, kuma idan sabuwar kwamfuta ba ta da wannan salo sai ta maye gurbinsa da wani ba tare da ta yi shawara ba. Haka na buɗe allon wani gidan burodi na ga sunan ya ƙara faɗi ya fita daga cikin zobensa. Maganin shi ne a mayar da rubutun zuwa layi tun a kwamfutar da ke da salon, abin da a CorelDRAW ake yi da Ctrl+Q. Amma rubutun da ya zama layi ba ya sake gyaruwa, kuma lambar waya ita ce abin da masu shaguna suka fi canzawa. Saboda haka kwafi biyu nake ajiyewa, ɗaya layi, ɗaya rubutu, tare da sunan salon a rubuce a gefe.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda Baba ya yi da haruffa masu lanƙwasa. Salon haruffan da ke cikin tsohuwar kwamfutar ba su da ƙ da ɗ da ɓ, kuma masu alluna da yawa a garin nan sukan bar su a miƙe, har ka ga an rubuta baki inda ake nufin baƙi, ko kafa inda ake nufin ƙafa. Baba bai yarda da wannan ba. Na faɗaɗa kalmar "ɗinki" a allon wani tela, sai na ga ya yanko kan harafin f, ya daidaita kaurinsa, ya ɗora shi a saman d. Haka ya yi wa kowane allo, harafi bayan harafi, shekara da shekaru, ba tare da ya taɓa faɗa mini ba.

Sai dai a wasu wuraren guntun yana zaune ne a kan harafin ba a haɗe su ba, tsohuwar manhajar ce ke haɗe su lokacin yanka. A sabon tsarin wuƙa za ta bi kowane da kansa, ta datse ƙugiyar daga jikin harafin. Dole in yi musu walda, wato in narkar da siffofin biyu su zama ɗaya, kuma haka ma duk rubutun da haruffansa ke jone da juna. A sababbin ayyuka ba ma buƙatar wannan wahala, domin salo irin su Andika da Charis na ƙungiyar SIL mai aiki a kan harsuna, da Noto na Google, duk suna da haruffanmu manya da ƙanana. Amma a tsofaffin tambura na bar ƙugiyoyin Baba yadda ya yi su, domin da su masu shagunan suka san sunayensu.

Talata, 4 ga Fabrairu

Mun shiga Sha'aban, lokacin walimar saukar karatu, kuma wani malamin makarantar allo daga Daura ya aiko a sake masa rubutun da Baba ya taɓa yi masa, wannan karon a babban allo da kuma a bayan riguna. Fayil ɗin ba ya cikin waɗanda na fitar. Abin da ya turo hoton tsohon allon ne ta WhatsApp, wanda aka ɗauka a karkace, kuma manhajar ta matse shi har gefen haruffan ya yi hazo. Na kira shi na ce, "Allah ya gafarta Malam, a sake turowa a matsayin takarda, kada a turo a matsayin hoto, domin ta haka ne ba ya raguwa." Ya sa ɗansa ya turo, ya fi na farko, amma karkatar tana nan.

Na je gida wurin Baba na faɗa masa. Ya sa aka ɗauko masa wata tsohuwar jakar fata, ya zaro takardar asali, wadda ya rubuta da alƙalamin kara da tawada. Na kawo ta shago na ɗauke ta da sikana a ɗigo 600 a inci, bayan na goge gilashin sau biyu, domin ƙurar hunturu kowane ƙwayarta sai ta zama siffa da wuƙa za ta je ta yanka. Sannan na ba Inkscape ta bi sawun rubutun. Abin da ke yi mata wannan aiki shi ne Potrace, wanda masanin lissafi Peter Selinger ya rubuta: yana mayar da hoton baƙi da fari, ya bi iyakar da ke tsakaninsu, ya shimfiɗa lanƙwasar Bézier a kai. Akwai ma'aunin da ke yanke hukuncin inda toka-toka zai zama baƙi, kuma da na ɗaga shi sai cikin harafin mim ya toshe, da na sauke shi sai siraran wutsiyoyin suka tsinke. Na gwada sau biyar kafin in samu tsakiya.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro ya zo ne daga ma'aunin share ƙananan tabo. Na ɗaga shi don ya kwashe ƙura da ɗigon tawada, sai ya haɗa da ɗigon haruffa guda uku. A rubutun Warshu da almajiranmu ke koyo, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigonta ɗaya ne a sama, saɓanin rubutun gabas, don haka wurin da ɗigo ɗaya yake zaune ne ke raba harafi da ɗan'uwansa. Ban gani ba sai da na aza sabon a kan hoton takardar na bi su kalma-kalma. Na mayar da ma'aunin ƙasa, na share ƙurar da hannu. Na kuma ɗan ƙara girman ɗigogin, domin ƙaramin ɗigo yakan bi ledar da ake ɓarewa ya tafi ba a sani ba.

Da yamma na kai wa Baba gwajin da na yanka. Ya riƙe shi nesa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya aza yatsa a kan wata lam ya ce, "Ɗana, nan ka goge mini hannu. Alƙalamin kara yana da inda yake cika da inda yake ramewa, kai kuma ka mayar da shi kauri ɗaya kamar igiya." Gaskiya ya faɗa, domin na rage gaɓoɓi a wurin fiye da kima ina neman santsi. Na ce, "Baba, za a gyara in sha Allah." Na san akwai salon haruffa mai suna Alkalami, wanda SIL ta tsara a kan rubutun hannu irin na Kano, kuma da shi zan iya buga kalmomin cikin minti biyar. Amma malamin rubutun Baba ya nema. Na mayar da gaɓoɓin wurin, na gyara hannuwansu ɗaya bayan ɗaya. Na riguna kuma na ajiye shi a fayil daban, a juye kamar a madubi, domin ledar da ake mannawa da zafi ta baya ake yanka ta, na rubuta hakan a sunan fayil ɗin don kada a ruɗe.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Dagin Arewa ya ci mini kwana uku. A ido zare ne da aka saƙa, yana hawa sama yana kuma shiga ƙarƙashi, amma leda launi ɗaya ba ta da sama da ƙasa. Abin da ke ba da wannan kama shi ne 'yar tazarar da ake bari a gefe biyu na kowace mahaɗa, inda zaren ƙasa yake katsewa don na sama ya wuce. A fayilolin da suka fito ta PDF, an rufe waɗannan wurare ne da fararen siffofi, wanda a takarda daidai ne, amma wuƙa ba ta san fari ba, sai ta yanka zaren biyu ta kuma yanka farar siffar, mahaɗar ta zama gutsi-gutsi. Idan kuma aka yi wa duka walda, saƙar ta ɓace, sai raga.

Na sake gina shi daga tushe. Na zana tsakiyar zaren a matsayin layi, na ba shi kauri, na mayar da kaurin zuwa siffa, sannan a kowace mahaɗa na yanke zaren ƙasa da kwafin na sama wanda na ɗan kumbura. Wurin da ake kuskure shi ne jerin hawa da sauka: idan zare ya hau a wannan mahaɗa, dole ya shiga ƙasa a ta gaba, kuma na bi shi da fensir a takarda har ya dawo inda ya fara kafin in yarda da shi. A nan ne kuma na ga iyakar maganar cewa bekta yana karɓar kowane girma. Tazarar da ta yi kyau a allo mai santimita 60, da na rage dagin zuwa girman sitikar gilashin Keke Napep, ta koma siririya kamar gashi, matsefata ta kasa ɗaga ta. Lissafin bai ɓaci ba, ledar ce ke da iyaka. Don haka dagi biyu na ajiye, babba da ƙarami, kuma ƙaramin tazararsa ta fi faɗi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Wani mai walda da ke son a yanka masa zanen Hasumiyar Gobarau a farantin ƙarfe ya nemi fayil ɗin a DXF, tsarin da kamfanin Autodesk ya fito da shi a 1982, domin shi injin da za a kai wa aikin ke karɓa. Tsohon nau'insa na R12 ba shi da lanƙwasa irin ta SVG, don haka zanen ya sake komawa gajerun layuka, amma wannan kwafin fita ne kawai, asalin yana nan. Na bar masa murabba'in santimita 10 a ciki, na gaya masa ya sa a auna shi kafin a kunna wuta. Na kuma ƙara 'yan gadoji a wuraren da wani yanki ke zaune a tsakiyar wani, domin a ƙarfe babu takardar baya da za ta riƙe shi, faɗuwa zai yi.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Tamburan makarantu da na ƙungiyoyi sun kammala, kuma kowane sai da na yanka gwajinsa a ragowar leda, yaron shago ya ɓare, kafin in sa shi a jakar waɗanda aka gama. Sunan kowane fayil yanzu yana ɗauke da nau'in aikin, da unguwa ko gari, da faɗinsa a milimita. Tsofaffin fayilolin ban goge ko ɗaya ba. Allon Daura ya tafi ranar Alhamis, bayan Baba ya sake dubawa ya ce lam ɗin ta dawo.

Abin da ya rage shi ne jakar PLT masu ƙaho waɗanda ba su da asali, da kuma sauran takardun da ke cikin jakar fatar Baba, waɗanda ya ce in zo in ɗauka gaba ɗaya. Wasu tawadarsu ta ci takardar, wasu sun naɗe a gefe, kuma sai na danne su a ƙarƙashin littattafai kwana biyu kafin su kwanta a gilashin sikana. Ana sa ran ganin watan azumi a ƙarshen makon nan, kuma daga nan aikin Sallah zai taso, don haka na tsara in riƙa yin takarda biyu kowace safiya kafin a buɗe shago. Gobe zan fara da wadda ya rubuta Bismillah a siffar zobe, domin ita ce ta fi yawan ɗigo, kuma na roƙe shi ya zauna kusa da ni mu ƙirga su tare.